Tsintsiyata Da Motar 'Yata

'Yan'uwana mata masu karanta wannan fili, ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan. Na san abin da aka saba kawo mana a nan shi ne bayanin girki, ko raino, ko zaman aure. Ni kuwa yau laifina na ɗauko zan shanya a gabanku, domin Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Da za ki shigo ɗakina a nan Ƙofar Ruwa, ki ɗaga kai ki dubi saman kabad inda na saba jera tangaran, abin da za ki gani tifa ce. Tsawonta ya kai kamu ɗaya da taƙi. Tana da taya 6, da sitiyari, da bodi mai ɗagawa ya juye kaya. Launinta kuwa babu tsari, ja ne, rawaya ne, baƙi ne, duk wanda ya samu. In aka sa mata batir tafiya take yi da kanta. 'Yata ce ta gina ta, yarinya 'yar shekara 13. Ita ce ta fari, saboda haka ku yi mini afuwa, ba za ku ji sunanta a bakina ba. Saura ƙiris kuwa da ni da hannuna na sayar wa 'yan jari-bola da motar nan tun ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Wadda ba ta san unguwarmu ba, to, Ƙofar Ruwa tana arewacin birnin Kano, ba nisa da Dutsen Dala. Kasuwarmu ta ƙarfe ce, watau rodi, da kwanon rufi, da sauran kayan gini, da kayan gyaran mota sabo da tsoho. Ƙarar guduma ke tashe mu, ita ke raka mu har magariba. Ƙarfe kuwa ba baƙo ba ne a nan, gama masu tarihi sun ce neman tama ne ya kawo maƙera gindin Dala tun farkon kafuwar garin. Mahaifina ma direban babbar mota ne, irin mai bodin katako. Ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kano da Ikko, da ƙarfi ya fara ja baya ya koma gyara.

Sa'ad da muke yara, da kaka ta yi aka kawo karan dawa cikin gari, sai yayyena maza su zauna a soro suna motar kara. A feƙe ɓawon kara siri-siri, a yayyanka totuwa, a riƙa soka wannan cikin wancan har bodi ya tashi, sa'an nan a goge sakaina a jikin dutse ta zama taya. Ni ce mai miƙo musu kara, har na iya. Ba yabon kai ba, na zo na fi su, don tawa har ƙofa take da ita mai buɗewa. Ina shekara 9 na yi wata babba, kwana uku ina fama da ita. Ran na ukun Inna ta aza mini tallan dafaffiyar gyaɗa, na ajiye farantin a soro na ce bari in ƙarasa taya ɗaya, ashe har la'asar ta yi ban sani ba. Inna ta fito ta same ni. Ba ta doke ni ba. Ta ɗauki motar, ta karya a gwiwa, ta tura cikin murhu, ta ce, "Ke ba namiji ba ce. Kara kuwa makamashi ne." Kun dai san kara ba ya jimawa a wuta. Tun daga ran nan ban sake yin wata ba.

Ba na ganin laifin Inna, mace mai 'ya'ya 8 wadda ribar gyaɗan nan ke cika mata kuɗin cefane. Na girma, na yi aure, na sayi keken ɗinki, na manta, ko kuwa in ce na zaci na manta.

To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar nan tawa tun tana ƙarama ba ta ga maciji da 'yar tsana. Tocila, da agogon bango, da rediyon ubanta, babu wanda ba ta buɗe cikinsa ba. Ni kuwa ɓarna nake kiran abin, bulala nake ba ta lada.

Bara da damina ƙanena, wanda ke sana'ar gwanjo, ya kwance dilar kayan wasan yara, ya tarar da wani ɗan buhu cike da tarkacen roba. Ya ga babu mai saye, sai ya kawo wa yara. Muka zazzage a tabarma. Waɗansu kamar 'yan bulo ne ƙanana masu ƙulli-ƙulli a ka, waɗansu dogaye ne masu huji a jere, ga 'yan sanduna, ga tayoyi, ga waɗansu 'yan gare-gare masu haƙora. Na ce wannan ai shara ce. Ita kuwa ta yi tsit, ta ɗauki biyu ta danna, suka ce ƙas, suka cije. Ta ɗago kai ta dube ni, idonta kamar an kunna fitila.

Daga baya na sa kawun nata ya bincika mini asalin abin a intanet, ga kuwa abin da na samu. Sunansa Lego. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen, a wani ƙaramin gari da ake kira Billund cikin ƙasar Denmak, kasuwa ta mutu masa, sai a 1932 ya koma sassaƙa kayan wasan yara da katako. A 1934 ya laƙaba wa sana'ar wannan suna, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar "yi wasa da kyau". A 1949 suka fara yin bulon da roba. A 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar dabarar da ke sa su cije, watau ƙulli a sama, 'yan bututu a ƙasa, in an danna sai ƙullin ya matse tsakanin bututu da bango, ba gam ba ƙusa. Awon bai sāke ba, har ma bulon 1958 yana shiga cikin na yanzu daidai. An kuma ƙididdige cewa bulo 6 kacal, masu ƙulli takwas-takwas, ana iya haɗa su ta hanya fiye da miliyan 915. Masu huji da haƙoran nan kuwa, a 1977 aka fara fito da irinsu, don manyan yara su gina injuna masu motsi.

A ƙasan buhun akwai wani yagaggen littafi mai hotuna. Hoton bangonsa wata tifa ce ƙirar Mercedes-Benz, watau Marsandi, samfurin Arocs, wadda kamfanin ya fitar a 2015, mai guntaye 2,793. Yarinya ta kwana biyu tana ƙirga nata, ta ga ko rabi ba su kai ba, waɗanda ke akwai ɗin ma gauraye suke da na waɗansu motoci dabam. Na ce to, magana ta ƙare. Ta ce, "Umma, ba tasu zan yi ba. Irin mai kawo yashi bakin kasuwa zan yi."

Daga nan fa gida ya rikice. A aike ta, ta daɗe, ashe tana can tsugune tana leƙen ƙarƙashin tifar da aka ajiye a bakin titi. Maƙwabta suka fara magana. Wata ta ce mini, "Maman yara, ki lura, kada ki tashi da mata-maza a ɗaki." Hajiya uwar maigidana ta ce, "Wannan kishiyar tawa, ranar aurenta da guduma za a kai ta ko da muciya?" Ana dariya, ni kuwa abin yana cina a rai.

Ran nan ina sauri in gama ɗinkin biki, na bar mata tukunyar miya na ce ta duba. Ƙauri ne ya tashe ni daga kan keke. Na fito na tarar miya ta kama ƙurmus, ita kuwa tana bayan ɗaki, ta baje roba, ta haɗa ƙashin motar har ya fara kama da abin kirki, aikin mako uku. Ban san sa'ad da na ɗauki tsintsiya ba. Na maka wa abin, ya tarwatse, na share har da ƙasa na zuba a buhu, na ƙulle, na ce gobe mai jari-bola zai tafi da shi. Na ce, "Ke ba namiji ba ce!"

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki tukunyar ta tafi gindin rariya ta hau kankarewa.

'Yar'uwa, ko kin taɓa yin magana ki ji muryar wani ta fito daga bakinki? Da dare na kwanta, barci ya ƙi. Kalmomin nan biyar ba nawa ba ne, ajiyarsu aka ba ni shekara talatin da wani abu, na adana su ba tare da na sani ba, na kuwa miƙa wa 'yata ba ragi. Har warin karan nan na ji a hancina. Na tambayi kaina, shin miyar da ta ƙone nake hukuntawa, ko kuwa motar? In don miya ce, ai hukuncinta dabam, ta kuwa cancance shi. Motar fa, me ta yi?

Da safe mai jari-bola ya yi kira a ƙofar gida, na aika aka ce babu. Amma kun san halinmu, uwa ba ta iya buɗe baki ta ba 'yar fari haƙuri. Abin da na iya shi ne, da ta tafi makaranta, na kwance buhun, na zuba a faifai, na bushe ƙasar, na zauna na tsince su kamar mai tsintar wake, dogaye waje ɗaya, masu haƙora waje ɗaya, tayoyi waje ɗaya, kowanne a cikin murfin kwano. Na jera a ƙofar ɗakinsu. Da ta dawo ta gani, ta dube ni, na kau da kai na ce, "Sai bayan Islamiyya da wanke-wanke. Ranar da tukunya ta sake kamawa kuwa, a bakin motarki." Ta ce, "To, Umma." Iyakar sulhunmu ke nan.

Ginin na biyu ya ci wata huɗu, ya kuwa koya mini abin da ban koya a aji ba. Da fari motar ta riƙa lanƙwashewa a tsakiya kamar tsohon jaki. Aka kai ƙara wurin Baba. Ya zo da sandarsa, ya zauna a kan turmi, ya ce, "Amarya, kawo in ga sadakina." Ya jujjuya, ya ce duk babbar mota a kan tsani take kwance, dogayen ƙarfe biyu, da gajeru a gicciye suna riƙe da su. Ta ninka dogayen biyu-biyu, ta gicciya gajeru, baya ya miƙe.

Sai maganar inji. Buhun bai zo da nasa ba, saboda haka ta ciro ɗan injin wata matacciyar fankar hannu, ta haɗa shi da batiran tocila, ta ɗaura shi kai tsaye a sandar tayoyin baya. In an ɗaga motar sama, tayoyi su yi ta juyi kamar za su tashi. Da an ajiye ta ƙasa sai ta yi gurnani ta tsaya cik. Kwana biyu yarinya ba ta cin abinci sosai. Baba ya ce, "Gudu gare shi, ba shi da ƙarfi. Sai an sa masa giya." Giyar mota fa nake nufi, 'yan'uwa, watau gare-garen nan masu haƙora. Ya yi ta bayani irin na makanikai, ita ba ta gane ba. Ni kuwa ina kan keke ina jinsu, sai na dubi ƙafata. Ashe shekara 20 ina taka amsar. Babbar ƙafar keke ta ƙasa in ta juya sau ɗaya, ƙaramar ta sama sai ta juya sau da yawa, shi ya sa allura ke gudu. Na ce, "Ke, zo nan. Juya abin za ki yi. Ki sa ƙaramin ya ja babban." Baba ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ashe har yanzu kina nan."

Ga yadda lissafin yake, ko wata za ta nuna wa nata. Ta sa mai haƙori 8 a bakin inji, ya ja mai haƙori 24, watau sai inji ya juya sau 3 kafin babban ya juya sau ɗaya. A sandar babban ta ƙara wani mai 8, ya ja mai 40, nan kuma sau 5. Uku sau biyar 15 ke nan. Gudu ya ragu sau 15, ƙarfin jan kuwa ya ƙaru kusan haka. Dalilin da ya sa ke nan kike jin tifa mai lodi tana kuka tana rarrafe in za ta tashi, direba ya sa mata giya ta ɗaya.

Da ta fara tafiya kuma sai ta ƙi shan kwana, tayoyin baya suna turjewa. Baba ya ɗauko taɓarya, ya ba ta kai ɗaya, ya ba Auta ɗaya kan, ya ce su zagaya turmi. Auta da ke ciki taku kaɗan ya yi, ita da ke waje sai da ta haɗa da gudu. Ya ce haka tayoyi suke a kwana, na waje ya fi na ciki tafiya, in kuwa sanda ɗaya ta ɗaure su dole ɗaya ya ja ƙasa. Shi ya sa mota ke da wani ƙullin haƙora a tsakiyar tayoyin da inji ke ja, mai barin kowanne ya yi gudunsa. Aka zazzage murafan kwano, Allah ya taimaka aka sami irinsa guda ɗaya tak, wanda da ma mun rasa gane amfaninsa.

Ɗaga bodi ne ya zo ƙarshe. Ta sayo sababbin sirinji biyu a kemis, ba allura, ta haɗa bakinsu da siririn tiyo, ta cika da ruwa. In ta danna na hannunta, sai na ƙarƙashin bodi ya miƙe ya tura shi sama, domin ruwa ba ya matsuwa. Farkon gwaji abin ya yi laƙwas, ashe iska ce ta shiga tiyon, sai da ta fitar da ita sarai. Tifar gaske ma haka take, sai dai ita da mai take aiki.

Ranar gwaji aka share tsakar gida. Aka auna gero gwangwani 5 aka zuba mata. Ta tashi daga ƙofar ɗakina a hankali, tana 'yar ƙara, ta sha kwanar turmi, ta maƙale a bakin rariya har sai da Auta ya ɗan tura ta, ta isa gaban Hajiya, ta ɗaga bodi ta juye geron a kan faifai. Yara suka ɗau ihu. Hajiya ta tsura wa geron ido, ta ce, "To, ba laifi. Sai ta riƙa kai wa awakina dusa." Ba ta ƙara ko kalma ba, amma da baƙi suka zo washegari, ita ce ta ce a sauko da motar a nuna musu.

Da na je gaida Inna na ba ta labari, har na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, kin tuna motar karan nan tawa da kika sa a wuta?" Ta yi shiru tana tunani, ta ce, "Wace mota?" Wallahi ba ta tuna ba. Wannan ya fi kome tsorata ni. Mai karyawa mantawa take yi kafin tuwo ya nuna, wadda aka karya wa kuwa da abin za ta tsufa.

Kada ku ce wasan yara ne kawai. A nan Kano, a 2007, wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen tsofaffin motoci da babura, ya kuwa ɗaga daga ƙasa, labarinsa ya zaga duniya. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, da zanen motoci ya fara tun yana yaro. Ya tafi Amurka ya yi karatu, ya kama aiki da kamfanin General Motors a 1994, shi ya zana surar motar nan mai lantarki, Chevrolet Volt, da aka nuna a 2007, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. In kun ce waɗannan maza ne, to, Sandra Aguebor mace ce, 'yar Benin, ta zama makanike, a 2004 ta kafa ƙungiyar koya wa 'yan mata gyaran mota. Kowannensu akwai ranar da yake tsugune a tsakar gida da tarkace a gabansa, da wata uwa tsaye da tsintsiya a hannu.

Ba cewa nake ku fita neman Lego ba. Sabonsa tsada gare shi ƙwarai, mu ma tsintuwa muka yi. Kara, da kwali, da langa-langa, da gwangwanin madara, da tsohon silifa, duk aikinsu ɗaya. Ba kuma cewa nake a sake wa yarinya ta bar aikin gida ba. Tawa tana tuƙa tuwo, tana zuwa Islamiyya, tukunya kuwa ba ta sake kamawa ba. Abin da na roƙe ki shi ne ki yanka wa abin lokacinsa, ki ba shi kwali ko tsohuwar kwalla inda za a adana shi. In yaro ya yi laifi ki hukunta laifin, ki bar aikin hannunsa. Sai dai a kula ƙwarai da masu rarrafe, don guntayen nan da ƙananan batira suna shiga baki su shaƙe yaro. Sirinji kuma kada a kuskura a tsinto na bola ko na asibiti.

Yanzu ga inda muke. Badi za ta gama aji 3 na ƙaramar sakandare, ta kuwa ƙallafa rai sai ta rubuta jarrabawar shiga Kwalejin Kimiyya ta 'Yan Mata da ke Garko. Makarantar kwana ce, maigida bai amsa ba tukuna. Ya ce a bari ya yi shawara, ni kuwa ban matsa ba, don na san mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma na lura, daren jiya da ya zaci kowa ya yi barci, ya sauko da tifar daga kan kabad, ya kifa ta a cinya, ya daɗe yana juya taya da yatsa yana kallon yadda haƙoran ke cin juna.

Ku taya mu da addu'a. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon gane baiwar da ya ajiye a hannuwansu, amin. Haza wassalam.

Taku,
Wata uwa, Ƙofar Ruwa, Kano.